Yadda Ake Tsayar da Jini da Jinyar Rauni a Wasan Project Zomboid

Wani mai karatu ya aiko da wannan tambaya game da Project Zomboid, wasan kwamfuta na neman tsira a tsakanin zombi: "Na fara buga Project Zomboid ba da jimawa ba, kuma kusan duk mutumin da na ƙirƙira rauni ne yake kashe shi. Wani lokaci na ɗaure ciwon amma ya ƙi warkewa, wani lokaci kuma jinin ya tsaya, sai bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi ya mutu. Ina matsalar take, kuma yaya ake jinyar rauni yadda ya kamata?"

Malam, abin da ka bayyana mutuwa ce iri biyu, kuma ba su da alaƙa da juna sai dai cewa sau da yawa rauni ɗaya ne yake jawo su. Ta farko ita ce ta zubar jini, wadda maganinta yana hannunka gaba ɗaya. Ta biyu ita ce ta cutar Knox, wato cutar da take mayar da mutum zombi, wadda ake yanke hukuncinta tun a daidai lokacin da farce ko haƙorin zombi ya taɓa fatar mutuminka, kuma babu bandeji, babu sifirit, babu ƙwayar magani da za ta sauya wannan hukunci daga baya. Mafi yawan sababbin 'yan wasa suna ɓata lokaci da kayan magani wajen yaƙi da ta biyun, alhali ta farkon ce take cin su. Bayanin da zan yi ya dogara ne a kan sigar wasan mai suna Build 41, wadda kamfanin The Indie Stone ya kammala fitarwa a watan Disamba na 2021, da kuma saitin wasan na asali wanda ba a taɓa komai a cikinsa ba.

Ya kamata ka fara sanin yadda wasan yake lissafin jini. Wanda ya saba da wasan DayZ ya san cewa a can jini yana da ma'auninsa daban, yana raguwa har launin allo ya dushe, kuma ana iya ƙara wa mutum ruwa ko jini ya farfaɗo. A Project Zomboid babu wannan tsari. Duk raunin da yake zubar da jini yana rage lafiyar jiki gaba ɗaya kai tsaye, kaɗan-kaɗan ko da sauri gwargwadon girmansa da wurin da yake, kuma idan lafiyar ta ƙare shi ke nan. Ba a ƙarin jini, ba a farfaɗo da wanda ya faɗi. Da zarar an ji maka ciwo za ka ga alamar jini ta bayyana a gefen dama na allo, kuma tana da matakai huɗu daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Idan ka danna hoton zuciya da ke gefen hagu, allon lafiya zai buɗe ya nuna maka jikin mutuminka gaɓa-gaɓa, da sunan kowane rauni a ƙarƙashin gaɓar da abin ya shafa. A kan wannan suna ne za ka danna domin ganin abin da za ka iya yi da kayan da ke jikinka.

Abu na farko bayan jin rauni shi ne nisantar abin da ya ji maka shi. Ɗaure ciwo aiki ne da yake ɗaukar 'yan daƙiƙu, kuma wanda ya tsaya yin sa a gaban zombi uku zai ƙare da raunuka huɗu maimakon ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, idan ciwon yana hannu, ko ƙirji, ko wuya, ko kai, kana iya ɗaure shi kana tafiya a hankali, gudu ne kawai yake katse aikin, kuma tafiyar mutum mai lafiyar ƙafa ta fi ta zombin wasan sauri. Idan kuwa a ƙafa yake, dole ka tsaya, saboda haka sai ka nemi lungu, ko ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ko ka tsallake shinge tukuna. Idan kai kaɗai kake wasa, kada ka ji kunyar dakatar da wasan ka duba allon lafiya cikin natsuwa kafin ka yanke shawara. A wasan taro da wasu mutane ta intanet babu dakatarwa, amma a can abokin tafiyarka yana iya duba jikinka ya ɗaure maka.

Sannan ka ɗaure da duk abin da ka samu. Wannan ita ce maganar da na fi so ka riƙe a cikin amsar nan. Tsumma mai datti yana tsayar da jini. Idan ba ka da bandeji, tuɓe rigarka ko safarka ka yage ta, domin wasan yana ba ka damar yaga tufafin auduga da hannu ba tare da wani kayan aiki ba, wandon jins da kayan fata ne kawai suke buƙatar almakashi. Tufafin zombin da ka kashe ma suna yaguwa, haka zanin gado. Haɗarin ɗaure ciwo da ƙazamin ƙyalle shi ne ciwon ya ruɓe, kuma kamar yadda zan bayyana nan gaba, wannan ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta ta da barin jini yana zuba yayin da kake bincike ɗaki-ɗaki kana neman bandeji mai tsabta.

Ciwon wuya shi ne wanda ba ya jira ko kaɗan. Ko yakushi ne a wuya, jininsa yana zuba da saurin da ya fi na kowace gaɓa, kuma mutum mai cikakkiyar lafiya yana iya mutuwa kafin ya kai gidan da yake hangowa a ƙarshen layi. Yawanci daga baya ake samun sa, lokacin da hankalinka yake kan waɗanda ke gabanka wani ya lallaɓo ya cafke ka, kuma harin baya ya fi na gaba yawan zama mummuna. Idan ka ga wuya a allon lafiya, ka fara ɗaurewa nan take kana tafiya, ko da kuwa akwai wasu raunuka biyar a jikin.

Raunukan da zombi yake yi iri uku ne. Akwai yakushi, wanda jininsa kaɗan ne kuma yana saurin warkewa, yana ɗauke da haɗarin kamuwa da cutar Knox kashi 7 cikin 100. Akwai yanka, wanda ya fi shi zubar da jini da daɗewa, haɗarinsa kashi 25 cikin 100. Sai cizo, wanda haɗarinsa kashi 100 ne cif. Dukansu ukun jinyarsu ɗaya ce, a wanke idan da hali, a ɗaure, a riƙa canza bandeji, kuma babu wanda yake buƙatar ɗinki a cikinsu. Ka lura cewa waɗannan alƙaluma sun shafi raunin da zombi ya yi ne kaɗai. Yakushin da ka samu saboda ka kutsa cikin bishiyoyi da gudu, ko yankan da ka samu a taga, ba su ɗauke da cutar Knox ko kaɗan, duk da cewa sunansu ɗaya a allon lafiya. Saboda haka yana da amfani ka riƙa tuna inda ka samo kowane ciwo.

Raunin da na fi zargin shi ne yake ƙin warkewa a wurinka shi ne rauni mai zurfi, musamman wanda gilashi ya maƙale a cikinsa. Ga yadda abin yake faruwa kusan kullum. Kana cikin Muldraugh, ɗaya daga cikin garuruwan wasan, ka sami gida a kulle, ka fasa taga da guduma, ƙarar ta jawo zombi biyu daga bayan gida, sai ka yi sauri ka haura ba tare da ka zaɓi cire ragowar gilashin da ke jikin tagar ba. Kana dira cikin ɗakin sai ka ga alamar jini, ka buɗe allon lafiya ka tarar da rauni mai zurfi a tafin hannu ko a cinya, da ɓallin gilashi a ciki. Ka ɗaure, alamar jinin ta ɓace, ka ci gaba da harkarka, amma kwanaki suna wucewa bandejin yana ta ɓaci, zafin bai ragu ba, ciwon kuma yana nan inda yake. Dalili shi ne ciwon da gilashi yake ciki ba ya kama hanyar warkewa har sai an cire shi, kuma ba ya ɗinkuwa. Haka lamarin yake ga harsashin da ya maƙale a jiki. Fasa taga da hannu tsirara, da taka fasasshen gilashi babu takalmi, da haɗarin mota, duk suna iya jawo irin wannan rauni.

Jinyarsa tana da jeri wanda bai kamata a saɓa ba, kuma tana da tarko guda ɗaya: ba za ka iya cire gilashi, ko wanke ciwo, ko ɗinke shi ba matuƙar bandeji yana kai. Dole ka kwance tukuna, kuma kana kwancewa jini zai dawo. Don haka kafin ka taɓa bandejin, ka tabbata kana wuri mai aminci, ƙofofi a rufe, labule a sake, sannan ka fitar da dukkan kayan aikin daga jakar goyo ka mayar da su jikinka, domin duk abin da yake cikin jaka sai mutuminka ya ɓata lokaci ya zaro shi, kuma a wannan lokacin jininsa ne yake tafiya. Sai ka kwance, ka cire gilashin da matsefata ko da abin riƙe allurar ɗinkin asibiti. Ana iya cire gilashi da yatsu idan babu yadda za a yi, sai dai raɗaɗinsa ya fi yawa, harsashi kuwa sai da kayan aiki. Bayan nan ka goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko audugar da aka jiƙa da shi, ko takardar goge ciwo mai sifirit, ko kuma kwalbar wiski irin wadda ake samu a mashaya da ɗakunan girki na wasan. Sannan ka ɗinke, sannan ka ɗaure da bandeji mafi tsabta da kake da shi.

Ɗinkin yana yiwuwa da allurar asibiti, wadda take ƙarewa bayan amfani ɗaya, ko da allura da zare na ɗinkin tufafi, waɗanda suka fi sauƙin samu a gidajen mutane. A ganina allura da zare suna cikin kayan da suka fi cancantar a ɗauka tun ranar farko, saboda ba su da nauyi kuma suna yin aiki biyu, ɗinkin ciwo da facin riga. Rauni mai zurfi da ba a ɗinke ba yana warkewa daga ƙarshe idan ana kula da bandejinsa, amma yana ɗaukar lokaci mai tsawo ƙwarai, yana ta cinye maka ƙyallaye, kuma gaɓar tana zama rabin aiki duk tsawon wannan lokaci. Bayan ka ɗinke kada ka yi gaggawar cire zaren, domin cirewa kafin lokaci tana sake buɗe ciwon, barin sa kuwa ba ya cutar da komai. A nan ya dace in ce wannan tsari na wasa ne kawai. A rayuwa ta gaskiya ba a zare abin da ya soki mutum da zurfi a gida, ana danne gefensa ne a garzaya asibiti.

Batun bandeji shi ne aikin yau da gobe na jinya. Bandejin asibiti ya fi yagaggen ƙyalle daɗewa kafin ya ɓaci, ƙaramar filasta kuma ta fi dacewa da yakushi. Ciwon da yake zubar da jini sosai yana ɓata bandejin farko da wuri, saboda haka babu hikima a ɗora masa mafi kyawun abin da kake da shi tun daga fari. Ka fara da tsumma, idan jinin ya lafa sai ka sa mai tsabta. Allon lafiya yana nuna maka idan bandeji ya yi datti, kuma a lokacin ne ake canzawa, ba kafin nan ba. Kada ka zubar da masu dattin, domin ana wanke su a famfo ko a duk inda ruwa yake su koma kamar sababbi. Idan kana son ka tsarkake su daga ƙwayoyin cuta, ko dai ka jiƙa su da maganin kashe ƙwayoyi ko wiski, ko kuma ka cika tukunya da ruwa ka ɗora a wuta, idan ta yi zafi ka tsoma ƙyallayen a ciki. Hanya ta biyu ce ta fi arha, kuma tunda a saitin asali ruwan famfo da wutar lantarki suna ɗaukewa a wata rana cikin kwana 30 na farko, gara ka dafa tarin ƙyallaye tun murhun gidan yana aiki, ka ajiye su a mazauninka.

Ruɓewar ciwo ta yau da kullum ita ce take ruɗa mutane fiye da komai. Idan ka bar ciwo a buɗe ko da ƙazamin bandeji, allon lafiya yana iya nuna maka cewa ya harbu da ƙwayoyin cuta, sai sabon ɗan wasa ya ɗauka cewa ta ƙare masa, har wani ya je ya jefa kansa cikin taron zombi don ya fara sabon wasa. Wannan ruɓewa ba cutar Knox ba ce. Abin da take yi shi ne ƙara zafi, kuma tana tafiya idan aka wanke ciwon aka ci gaba da sa bandeji mai tsabta, ƙwayoyin antibayotik ma suna taimakawa. Cutar Knox kuwa ba ta taɓa bayyana da sunanta a allon lafiya, ta alamominta kawai ake gane ta. Wannan ne ya sa na ce sifirit ba ya rage kashi 7 ko kashi 25 ɗin nan ko da ɗigo ɗaya.

Sauran jinyar ta rataya ne a kan ci da barci. Mutumin da ya ƙoshi yana dawo da lafiyarsa da sauri fiye da mai jin yunwa, saboda haka ranakun jinya ne lokacin da ya dace ka cinye abincin firij mai saurin lalacewa har alamar ƙoshi ta bayyana. Zafi mai tsanani yana hana barci, a nan ne maganin rage raɗaɗi yake da amfani, ka sha shi dab da kwanciya maimakon ka ƙarar da shi da rana. Ciwon hannu yana rage saurin duka, ciwon ƙafa yana sa ɗingishi, kuma mutuwar da take biyo bayan rauni sau da yawa tana zuwa ne saboda mutum ya fita yawon neman kaya da gaɓar da ba ta warke ba, ya kai duka ya makara. Tunda yini guda a wasan awa ɗaya ne na agogonmu a saitin asali, kuma akwai maɓallin hanzarta lokaci, zaman kwana biyu a gida ana karanta littattafan koyon sana'a ba asara ba ne.

Game da zaɓin sana'a da halaye a farkon wasa, ba na ganin ya kamata ka ɗauki likita ko ma'aikacin jinya don kawai tsoron rauni. Ƙwarewar taimakon gaggawa tana sa bandeji ya ƙara daɗewa, aikin ya yi sauri, allon lafiya kuma ya ba da ƙarin bayani, amma mutumin da bai san komai ba ma yana iya cire gilashi ya ɗinke ciwo. Halayen da suka fi tasiri su ne kaurin fata da siririyar fata, waɗanda suke sauya yiwuwar jin rauni tun asali, da saurin warkewa da jinkirinsa. Halin tsoron jini shi ne wanda zan ce sabon ɗan wasa ya guje masa, domin mai shi yana firgita duk lokacin da yake jinyar kansa, hankalinsa yana tashi idan jini ya ɓata masa jiki, kuma ba ya iya yi wa wani magani. Mai sanin ganyaye kuma yana iya haɗa magungunan shafawa daga tsirran da ya tsinto a daji, amma wannan sai wasa ya yi nisa.

Kayan magani suna samuwa a akwatunan banɗakin gidaje, inda ake yawan tarar da matsefata, filasta da auduga, sai kantunan magani, da motocin ɗaukar marasa lafiya, da ƙananan asibitoci irin Cortman Medical da ke Muldraugh. Babban asibitin Louisville yana da kaya masu yawa, amma yawan zombin da ke birnin ya sa zuwa can don neman bandeji ya zama ganganci. Abin da nake ba da shawarar a riƙa fita da shi kullum shi ne ƙyallaye huɗu ko biyar a jiki, ba a cikin jakar goyo ba, da matsefata, da allura da zare, da abin wanke ciwo guda ɗaya. Rigar fata, wandon jins, safar hannu ta fata, takalmi mai ƙarfi da mayafin wuya suna rage yiwuwar farce ko haƙori ya kai ga fata, sai dai a zafin watan Yuli na jihar Kentucky, inda labarin wasan ya fara a 1993, tufafi masu nauyi suna sa gumi da ƙishirwa, kuma wurin da ya yage a riga ba ya kare komai sai an yi masa faci.

Mutuwa ta biyu da ka ambata, wadda jini ya tsaya amma zazzaɓi ya biyo baya, alamun cutar Knox ne. Tana farawa da damuwar da ba ta da dalili da tashin zuciya mai sauƙi, sannan tashin zuciyar ya ƙaru mataki-mataki har ya kai zazzaɓi, lafiya ta riƙa raguwa ko da an ci an ƙoshi, kuma a saitin asali tana kashewa cikin kwana 2 zuwa 3. Kafin ka yanke ƙauna ka duba wasu dalilai, domin zama kusa da tarin gawawwaki, da cin ruɓaɓɓen abinci, da shan gurɓataccen ruwan da ba a tafasa ba, duk suna kawo tashin zuciya irin wannan, kuma waɗannan suna iya wucewa. Idan ka yi kwana uku bayan yakushi ko yanka ba ka ga komai ba, ka tsira. Idan kuma wannan caca ta kashi 7 da kashi 25 ce take hana ka jin daɗin koyon wasan, saitin Sandbox, inda mai wasa yake zaɓar dokokin wasan da kansa, yana ba ka damar mayar da yaɗuwar cutar ta hanyar cizo kaɗai, ko ka kashe ta gaba ɗaya, kuma ban ga aibin yin hakan ga mai koyo ba.

Idan cizo ne, wasan na asali ba shi da yanke gaɓa kuma ba shi da magani, amma duk da haka ka ɗaure ciwon, saboda kwana biyun da suka rage suna da amfani. Wasan yana ba ka damar ƙirƙirar sabon mutum a cikin duniyar da tsohon ya mutu, da gidan da ka gyara, da motar da ka tara wa mai, da duk abin da ka ajiye. Ka yi amfani da ranar farko, tun ƙarfi bai ƙare ba, ka kwashe makamai da abinci da kayan magani zuwa mazauninka, ka ajiye makullin mota a inda za ka tuna, ka tuɓe jakar goyo da tufafi masu kyau ka zuba su a akwati. Sannan ka fitar da mutumin waje ka rufe ƙofa kafin zazzaɓin ya kayar da shi, domin zai tashi a matsayin zombi a daidai inda ya faɗi, kuma duk abin da ka bari a jikinsa sai sabon mutuminka ya nemo shi ya kashe shi kafin ya karɓa.